Sauya Batirin Motar da Ake Kwana Ko Aiki a Cikinta: Tubula, AGM, Jel Ko Litiyom?

Motar da aka ƙera musamman domin a zauna a cikinta, mai gado da wurin girki da banɗaki, irin wadda ake yawo da ita a Amurka da Turai, ba kasafai ake ganinta a titunan Kano ba. Amma tambayar da mai irin wannan mota yake yi idan batirinsa ya gaji, wato wane irin batir zai sauya da shi, ita ce dai mutane da dama suke yi a garin nan: mai bas ɗin da ya cire kujeru ya sa firji yana sayar da kayan sanyi, da masu motar duba marasa lafiya da ke shiga ƙauyuka, da masu motar shela mai lasifika, da ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin karkara yana kwana a motarsa dare biyu ko uku kafin ya dawo gida. Dukansu suna da batir na biyu wanda ba shi ke tayar da inji ba, aikinsa shi ne riƙe fanka da fitila da firji da cajin waya a lokacin da mota take tsaye, kuma shi ne yake fara mutuwa.

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne tunanin cewa batirin mota na yau da kullum zai iya wannan aiki. Batirin tayar da inji an yi shi da farantan dalma sirara masu yawa, domin ya saki wuta mai ƙarfi na daƙiƙu kaɗan, sannan altaneta, na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, ta mayar masa da abin da ya fitar. Idan aka ɗora masa firji daga magariba zuwa asuba, kullum ana tatse shi ƙasa, farantan nan za su zube cikin 'yan watanni. Batirin da ake buƙata shi ne mai kaurin faranti, wanda aka ƙera domin a sha shi a hankali a kuma sake cika shi sau ɗaruruwa. A kasuwar Kano, ko a shagunan kayan sola na Sabon Gari ko a wajen masu kayan mota na Ƙofar Ruwa, irin wannan batir kashi huɗu ne: tubula mai ruwa, AGM, jel, da litiyom. Ukun farko duk 'yan gida ɗaya ne, dalma ce da ruwan asid, fasahar da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859. Na huɗun kuwa, wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa, sinadarinsa ya fito ne daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas a tsakiyar shekarun 1990.

Kafin a je kasuwa sai an zauna an yi lissafin wutar da ake sha a yini, domin wanda bai san buƙatarsa ba, lambar da aka buga a jikin batir ce za ta ruɗe shi. A ɗauki motar da ke da ƙaramin firji mai cin wat 50, wanda a zafin Kano injinsa zai yi aiki kamar awa 12 cikin 24, wato wat-awa 600. Fanka biyu masu wat 20 kowace, na tsawon awa 10, sun ci 400. Ƙwan fitila huɗu masu wat 5 na awa biyar sun ci 100, cajin wayoyi da kwamfutar hannu a ba su 100. Jimla wat-awa 1,200 ke nan, idan aka raba da bolt 12 sai a sami amfiya-awa 100, abin da ake taƙaitawa da Ah a jikin batir. Wanda yake bi ta inbata sai ya ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kai, saboda ita ma inbatar tana cin nata rabon. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta cikin wannan lissafi, domin ita kaɗai a dare guda za ta sha abin da ya ninka wannan jimla sau uku ko huɗu, kuma wannan wani babi ne daban.

A nan ne babban bambancin yake. Batirin dalma, kowane iri ne, ba a so a sha fiye da rabin abin da ke cikinsa idan ana son ya yi ƙarko, saboda haka mai buƙatar Ah 100 a yini sai ya sayi Ah 200. Litiyom kuwa ana shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da an cutar da shi ba, don haka Ah 120 ya wadatar da wannan motar. Akwai kuma wani abu da masu shago ba su cika bayyanawa ba: lambar da ke jikin batirin dalma an auna ta ne a kan shan wuta a hankali, yawanci na tsawon awa 20, wani lokaci awa 10. Idan aka ja wutar da ƙarfi, kamar a kunna butar dafa ruwa ko dutsen guga ta inbata, abin da zai bayar ya yi ƙasa da lambar sosai. Litiyom ba ya nuna wannan rauni sai kaɗan. Saboda haka kwatanta Ah 200 na dalma da Ah 200 na litiyom a kan farashi kuskure ne tun daga tushe, domin ɗayan ya kusa ninka ɗayan a wutar da za a iya amfana da ita.

Tubula shi ne wanda mutanen Kano suka fi sani, saboda shi ne ke zaune a ƙarƙashin inbata a gidaje da shaguna da yawa, kuma a wannan matsayi ya cancanci yabon da ake yi masa. Yana jure tatsa fiye da sauran 'yan uwansa na dalma, yana jure zafi fiye da su tunda ana iya mayar masa da ruwan da ya ƙone, kuma a kan kowane Ah yawanci shi ne mafi sauƙin kuɗi. Sai dai a ra'ayina wurinsa daɓen ɗaki ne, ba bayan mota ba. Mai Ah 200 zuwa 220 idan an cika shi da ruwa nauyinsa yakan kai kilo 60, ya fi buhun siminti, ga shi dogo a tsaye, kuma a samansa akwai murafai shida masu 'yan sanduna da ke nuna inda ruwa ya tsaya. Duk ramin da mota ta faɗa, ruwan nan sai ya girgiza, kuma wanda ya taɓa ɗaga shimfiɗar bas ɗin da aka daɗe ana ɗaukar irin wannan batir a cikinta ya san yadda ƙarfen wurin yake komawa, ya yi ja ya yi laushi, kan batirin kuma ya tara farin gari mai shuɗi-shuɗi. Abin da ya fi wannan muni shi ne iskar haidurojin da yake fitarwa idan caji ya kusa cika, wadda take iya kamawa da wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wurin. Ba daidai ba ne mutum ya rufe gilasai ya kwanta kusa da shi. Wanda dole ta sa ya yi amfani da tubula, to ya yi masa akwati na daban mai mafitar iska zuwa waje, ya ɗaure shi da kyau, ya riƙa duba ruwansa duk wata, kuma tataccen ruwan batir kaɗai zai ƙara masa, ba ruwan leda ko na rijiya ba, ba kuma asid ba.

AGM an yi shi ne domin magance waɗannan matsaloli. Asid ɗinsa yana tsotse cikin wani abu mai kama da auduga da aka saƙa da zaren gilashi, a matse tsakanin faranti, don haka ba ya zuba, yana jure girgiza, kuma a aiki na ƙa'ida iskar da yake fitarwa kaɗan ce ƙwarai, ko da yake shi ma ba a rufe shi ruf a akwatin da iska ba ta shiga. Babbar fa'idarsa ga mai sauya batir ita ce yana karɓar caji daga altaneta da yawancin cajojin da aka saba da su, a cire tsohon a sa sabon, ba sai an taɓa wayoyin mota ba. Rauninsa kuma zafi ne. Masu ƙera batir suna auna tsawon rayuwarsa a ma'aunin digiri 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan wannan yana rage rayuwar batirin dalma da rabi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya kaiwa 60. Ruwan da AGM ya rasa a irin wannan yanayi ba shi da hanyar dawowa, shi ya sa ake ganin waɗanda suka kumbura gefensu ya yi tozo tun ba su cika shekara biyu ba. Caja mai kyau takan rage ƙarfin cajinta idan zafi ya ƙaru, kimanin bolt 0.3 a digiri 40, amma yawancin masu araha ba su da wannan dabara.

Jel ɗan uwan AGM ne, sai dai asid ɗinsa an daskarar da shi ya yi kauri. Ya ɗan fi AGM jure zafi da tatsa, amma ba ya son caji mai ƙarfi, kuma idan bolt ya wuce kimanin 14.4 sai ramuka su buɗe a cikin jel ɗin waɗanda ba sa komawa. Ya fi dacewa da motar da sola kaɗai ke yi wa caji a natse. A kula kuma, batura da yawa da aka rubuta jel a jikinsu a kasuwa, AGM ne aka yi wa suna.

Akwai wata cuta da ta haɗa duk batiran dalma, kuma ita ce ta fi kashe su a mota fiye da komai: zama ba a cike ba. Batirin dalma yana saurin kaiwa kashi 80 cikin ɗari, amma ragowar 20 ɗin sai ya ɗauki awoyi yana sha kaɗan-kaɗan. Mai motar da ke yawo tsakanin Dawanau da Sabon Gari da Hotoro, yana tafiyar minti talatin yana tsayawa, ba zai taɓa ba shi waɗannan awoyi ba. Kowace rana sai gishirin dalma ya ƙara daskarewa a jikin faranti, har a wayi gari batirin yana nuna ya cika cikin awa ɗaya, ya kuma ƙare cikin awa ɗaya. Mutane da yawa a nan sukan ce an sayar musu da jabu, alhali yunwar caji ce ta kashe shi.

Litiyom bai san wannan cuta ba, zama a rabi ba ya yi masa illa, hasali ma idan za a ajiye shi na watanni an fi so a bar shi a wajen rabi. Mai Ah 100 nauyinsa kilo 11 zuwa 14 ne, AGM mai lamba ɗaya da shi kuwa kusan kilo 30, don haka motar da muka yi wa lissafi za ta ɗauki kilo 15 a maimakon 60. Yana karɓar caji da sauri, yawancin masu Ah 100 suna iya shan amfiya 50, su cika cikin awa biyu da 'yan mintuna, kuma abin da yake ɓacewa a wajen caji bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, a inda dalma ke asarar 15 zuwa 20. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda rufin motarsa ba zai ɗauki fiye da fanel ɗaya ko biyu ba. Fanel mai wat 300 a ranar Kano yana iya tara kimanin wat-awa 1,200 bayan an cire asara, wato daidai buƙatar da muka lissafa, ba rara, kuma idan ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashinsa abin zai ragu, don haka kowane kaso da batir ya cinye a banza ana jin sa da asuba. Game da ƙarko, masu ƙera shi suna ba da zagayen caji, wato a sha batir a sake cika shi, sau 2,000 zuwa 5,000, a inda AGM da ake sha rabi yake ba da 'yan ɗaruruwa, tubula mai kyau kuma ya kai dubu ko ya ɗan wuce. Ko da an rage wa alƙaluman kamfanoni kashi ɗaya cikin uku saboda zafinmu, tazarar tana nan da faɗi.

Sai dai wanda ya ce maka litiyom cire wancan sa wannan ne, bai gaya maka duka ba. Saboda yana zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa, idan aka haɗa shi kai tsaye da altaneta zai ja duk abin da take iya bayarwa, kuma a cunkoson Kano, inda inji ke tafiya a hankali fankar altanetar ba ta sanyaya ta, sai ta yi zafi ta ƙone. Maganin shi ne a sa caja ta musamman tsakanin batirin inji da batirin na biyu, wadda ake kira DC-DC, mai iyakance wutar zuwa amfiya 20 ko 30 ko 40. Mai amfiya 30 a tafiyar awa uku za ta zuba Ah 90, kusan buƙatar yini guda. Haka nan kwantirolar sola da cajar wutar gida dole ne su zama masu saitin litiyom, wajen bolt 14.2 zuwa 14.6, a kuma kashe tsarin nan da ke tafasa batir mai ruwa da bolt 15 ko fiye lokaci-lokaci. Duk wannan kuɗi ne da ya kamata a sa cikin lissafi tun farko, tare da ladan mai haɗa wayar da ya san aikin, domin ba kowane mai haɗa wayar mota ne ya taɓa yin sa ba.

A cikin kowane batirin litiyom akwai wani allon lantarki da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko batir ya yi ƙasa, ko zafi ya wuce kima, ko an ja abin da ya fi ƙarfinsa. Ingancin batirin ya dogara da wannan allo kamar yadda ya dogara da ƙwayoyin cikinsa. Yawancin masu Ah 100 iyakarsu amfiya 100 ce, wato kimanin wat 1,200, don haka mai inbata ta wat 2,000 da yake son ya more ta duka sai ya nemi mai Ah 200 ko ya jera biyu. Gargaɗin da aka fi yi wa masu litiyom a ƙasashen sanyi shi ne kada a yi masa caji a ƙasa da digiri sifili, wanda ko a tsakiyar hunturu ba matsalar Kano ba ce. Tamu ita ce ɗaya ɓangaren: yawancin kamfanoni sun iyakance cajinsa a wajen digiri 45 zuwa 50, kuma zama a cike cikin zafi yana tsofar da shi. Don haka ba a sa shi kusa da inji ko a kan bututun hayaƙi, wurinsa ƙarƙashin kujera ko gado, inda rana ba ta dukansa kuma iska tana ratsawa. Wani bambancin kuma shi ne mitar bolt ba ta faɗin gaskiyar abin da ya rage a cikinsa. Batirin dalma da ya huta yana nuna 12.7 idan ya cika, 12.1 ko 12.2 idan ya kai rabi, amma litiyom yana tsayawa a tsakanin 13.0 da 13.3 kusan tsawon aikinsa, sannan ya faɗi farat ɗaya. Sai an sa mitar da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, ko a sayi wanda ke nuna kasonsa a wayar hannu.

A batun kuɗi, farashi yana bin dala yana sauyawa, don haka abin da ya fi amfani shi ne hanyar auna shi. A ninka wutar da ake iya sha a kowane zagaye da yawan zagayen da batir zai yi, sannan a raba kuɗinsa da wannan. Da wannan awo, ko da litiyom da cajarsa sun ninka kuɗin AGM sau biyu a ranar saye, mai amfani da mota kullum zai sauya AGM sau uku ko fiye kafin litiyom ɗaya ya gaji. Amma lissafin yana juyawa ga wanda motarsa ke fita sau ɗaya ko biyu a wata, domin shi shekaru ne za su tsofar da batirinsa ba aiki ba, kuma zagaye dubu uku da ya biya kuɗinsu ba zai taɓa cin rabinsu ba. Irin wannan mutum AGM mai kyau ya ishe shi, da sharaɗin ya bar ƙaramin fanel a haɗe da shi ko ya riƙa cika shi da wutar gida duk lokacin da ya dawo.

A wajen saye kuma araha ba ta ado. Batirin dalma nauyinsa ne shaidarsa, idan aka ce maka Ah 200 ne ka ɗora shi a sikeli ka ga kilo 40, to ba Ah 200 ba ne, komai aka buga a jikinsa. A duba ranar ƙira, domin wanda ya yi wata takwas ko shekara a sito mai zafi ba tare da caji ba ya riga ya fara lalacewa, a kuma sa mai shago ya auna shi a gabanka, abin da ya gaza bolt 12.5 a bar masa kayansa. A litiyom kuwa a tabbata LiFePO4 ne mai bolt 12.8, domin akwai waɗanda ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta ko na wasu na'urori a zuba su a sabon akwati, kuma irin wannan na haɗe-haɗen ya fi saurin kamawa da wuta, bai kamata a kwana da shi a mota ba. A nemi garanti a rubuce mai ɗauke da lambar batirin, daga shagon da za a iya komawa a same shi. Idan batura biyu ne a jere, a sauya su tare, iri ɗaya, girma ɗaya, domin tsoho yana jan sabo ƙasa, kuma ba a haɗa dalma da litiyom a layi ɗaya. Kowane aka zaɓa, sai an sa fis a kan wayar ja dab da kan batir, da waya mai kaurin da ya dace, domin amfiya 100 a siririyar waya gobara ce.

Tsohon batirin kuma yana da kuɗi, masu shago da yawa suna karɓarsa su rage maka a farashin sabo, kuma hakan ya fi a bar shi a tsakar gida ko a bai wa yara su fasa shi su ciro dalmar, domin abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa ya nuna haɗarinta. A ɗauke shi a tsaye, kada a zubar da ruwansa a kwata, kuma kafin a kwance shi a ɗauki hoton yadda wayoyin suke, a fara cire baƙar waya, wajen ɗaura sabon kuma ita ce ta ƙarshe.